Kazar Da Ta Kore Ka Ba Sarauta Take Nema Ba

Idan ka taɓa zama a gidan da ake kiwon kaji, ka san wannan kazar. Wata biyu da suka wuce ita ake kora daga kan dusa, ko ƴar sagara sai ta sare ta ta wuce. Yau ta fito daga akurki da ƴan tsaki tara a bayanta, ta kumbura kamar an hura ta, fikafikai a ƙasa, jela a buɗe, tana wani gurnani can cikin maƙogwaro. Ta kori zakara. Ta kori agwagwa. Ta bi ƙaramin yaro da sara har bakin ɗaki.

A gidanmu abin ya wuce kora. Da daminar bara kaji biyu na mahaifiyata suka ƙyanƙyashe, kwana uku tsakani, aka rufe su a akurki ɗaya saboda ruwa. Da safe aka tarar da ƴan tsaki biyu a mace, duk da rauni a ka. Ƙanena ya ɗauki waya ya tambayi intanet, ya samo amsa iri biyu. Ta farko ta ce rigimar matsayi ce, kowace na son ta nuna ita ce babba, a bar su za su daidaita da kansu. Ta biyu ta ce ai kimiyya ta tabbatar kaza tana da tausayi, faɗan nata duk soyayyar uwa ce. Aka bar su. Washegari na uku ya mutu.

Amsoshin nan biyu su nake so mu duba tare, don kowace tana da bincike na gaske a bayanta, kuma kowace an ɗora mata kayan da ba nata ba.

Tsanin sara

Amsa ta farko ta samo asali daga wani ɗan ƙasar Norwe, Thorleif Schjelderup-Ebbe, wanda aka haifa a 1894. Tun yana yaro yake zama yana kallon kajin gidansu yana rubuta wace ce ta sari wace. A farkon shekarun 1920 ya fitar da abin da ya gano: sara a cikin garken kaji ba a hargitse yake ba. Akwai wadda take saran kowa ba mai saranta, akwai ta ƙasanta, haka har zuwa wadda kowa ke sara ita ba ta da wanda za ta rama a kai. Mu kira shi tsanin sara. Da zarar kowace ta san matakinta, faɗa yakan ragu, kallo kawai ya isa ta ƙasa ta kauce.

Aiki ne mai kyau, kuma ya tsaya. Waɗanda suka biyo baya sun ƙara masa ƙarfi. A 1943 Nicholas Collias ya nuna cewa idan baƙin kaji biyu suka haɗu, girman zanko yana cikin abubuwan da ke nuna wadda za ta yi nasara. Bayan shekara goma, Guhl da Ortman a Amurka suka nuna cewa kaji suna gane juna ne galibi ta kai da wuya, har idan ka sauya wa kaza kamannin zanko ƴan garkensu sai su far mata kamar baƙuwa. Ba ni da ja a kan ko ɗaya.

Inda nake da ja shi ne a ɗauko tsanin nan a jingina shi a jikin kaza mai ƴaƴa. Duba zankon kazar da ta gama kwanci. Ya motse, ya yi fari-fari, domin ta daina ƙwai kuma sinadaran da ke sa zanko ya yi ja ya cika sun ragu a jikinta. Ta rame, kwana 21 tana zaune a kan ƙwai, sau ɗaya a yini take tashi ta ci ta sha ta koma. A ma'aunin tsani, wannan ita ce ya kamata ta fi kowa shan kashi. To amma ita ke korar kowa. Kuma ka lura da yadda take korar: ba ta bin babbar kaza har wancan ƙarshen gida don ta ƙasƙantar da ita. Akwai wani da'ira da ba a gani a kewayen ƴaƴanta, duk abin da ya shigo ciki zai sha sara, da ya fita ta rabu da shi. Kare, tunkiya, tsintsiyar mai shara, ƙafarka. Tunkiya kuwa ba ta da mataki a tsanin kaji.

Faɗan matsayi yana ƙarewa ne idan ɗaya ta sunkuyar da kai ta gudu. Ɗan tsako mai kwana biyu bai san wannan ƙa'ida ba, kuma kansa bai kai ya ɗauki saran babbar kaza ba. Shawarar "a bar su su daidaita" tana aiki tsakanin manyan kaji masu filin gudu. A akurkin da ke da uwa biyu, hukuncin kisa ce.

Akwai kuma abin da masu maimaita tsanin sara suke tsallakewa. A 1969 McBride da abokan aikinsa suka wallafa nazarin kajin da suka koma daji a wani ƙaramin tsibiri da ke gabar Kwinslan a Ostareliya. A can, kazar da za ta yi kwanci barin garke take yi, ta yi sheƙarta a ɓoye, ta yi renon ƴaƴanta nesa da sauran. Wato inda aka bar ta da zaɓi, ba ta ma zama a inda tsanin yake. Mu ne muke tilasta mata renon jarirai a tsakiyar kasuwa, sannan mu ce ta cika masifa.

Shi kansa Schjelderup-Ebbe, a ƙarshe, ya wuce gona da iri, ya riƙa ganin danniya a matsayin tushen komai na duniya, ba kaji kaɗai ba. Mutum ya ga abu ɗaya na gaskiya sai ya so ya auna komai da shi. Masu bidiyon kiwo na yau sun gaji wannan halin, ba tare da sun gaji haƙurin zama a kalli kajin ba.

Binciken Biristol da kanun labarai

Amsa ta biyu ta fi daɗin ji, shi ya sa ta fi yawo. A 2011 Joanne Edgar da Christine Nicol da abokan aikinsu a Jami'ar Biristol ta Ingila suka wallafa wani gwaji a ɗaya daga mujallun Royal Society. Sun ajiye uwa a gefe guda, ƴaƴanta a gefe guda inda take ganinsu tana jinsu. Sai a riƙa feso wa ƴan tsakin iska kaɗan bayan kowane daƙiƙa 30, abin da zai dame su amma ba zai ji musu ciwo ba. A wani zagayen uwar ake feso wa, a wani kuma ƙarar na'urar kawai ake sakawa ba iska. Suna auna bugun zuciyar uwar, suna kuma auna zafin idonta da kyamarar da ke ganin zafi, domin idan tsuntsu ya tsorata jini yakan janye daga fata zuwa ciki, sai saman jiki ya ɗan yi sanyi.

Da aka dami ƴaƴan, uwar ta daina gyaran gashi, ta miƙe wuya, idonta ya yi sanyi, zuciyarta ta ƙara gudu, ta ƙara yawan kiran nan da take yi wa ƴaƴa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne ƙarin bugun zuciyar da kiran sun fito ne a lokacin da aka taɓa ƴaƴan, fiye da lokacin da aka taɓa ita kanta.

Gaskiya gwajin ya tsaru. Sun yi tunanin ƙarar na'ura, sun ware ta. Sun auna jiki, ba su tsaya ga abin da ido ya gani ba. Kuma masu binciken sun yi taka-tsantsan da bakinsu: abin da suka ce shi ne kaza tana da ɗaya daga tubalan da ake gina tausayi a kansu, wato halin da wani ke ciki yana iya taɓa jikinta. Jaridu ne suka ɗauki tubali ɗaya suka ce ga gida.

Ga abin da ba ya shiga kanun labarai. A shekara mai zuwa, 2012, tawagar ta maimaita irin gwajin, amma wannan karon babbar kaza ce ke kallon wata babbar kaza da ta sani ana feso mata iska. Ba su ga irin wancan martanin ba, kuma suka wallafa hakan ƙarara. Wannan ya ƙara musu daraja a idona. Amma ka taɓa ganin an tura maka wannan a WhatsApp? Ni dai ban taɓa gani ba.

Babban giɓin kuwa, idan damuwarka faɗa ce, shi ne gwajin Biristol bai auna faɗa ba sam. Ba a saka baƙon ɗan tsako a gaban uwar ba, ba a saka wata uwar ba. Tambayarsu daban ce, kuma ba laifinsu ba ne. Laifin na wanda ya ɗauki sakamakon ya ce ya bayyana dalilin sara. Idan tausayin ɗan tsako ne ke motsa ta, me ya sa kukan ɗan maƙwabciyarta, mai girma ɗaya da nata, bai hana ta fasa masa kai ba? Kazar da zuciyarta ke bugawa don nata ita ce dai ta kashe na wata a akurkinmu. Bayanin da ya ɗauki rabin farko ya bar rabi na biyu bai gama aiki ba.

Tsofaffin gwaje-gwajen da aka manta

Abin mamaki, bayanin da ya fi kusa da abin da muke gani a tsakar gida ya girmi binciken Biristol da kusan shekara tamanin. A 1933 wani Bajamushe, Brückner, ya ɗaure ƙafar ɗan tsako a bayan shamaki inda uwar ba ta ganinsa amma tana jin kukansa. Ta taso a fusace tana neman abokin faɗa. Sai ya sa ɗan tsakon a ƙarƙashin murfin gilashi, tana ganinsa ƙuru-ƙuru yana fafutuka amma ba ta jin sauti. Ta ci gaba da harkarta. Jakob von Uexküll ne ya yaɗa wannan gwaji a littafinsa na 1934.

A 1960 Wolfgang Schleidt da abokan aikinsa suka zo da wanda ya fi wannan tayar da hankali, a kan talo-talo. Matan talo-talon da aka kurmantar sun yi kwanci lafiya lau, amma da ƴaƴan suka fito sai suka sare su har lahira. Fassarar da aka yi ita ce uwa mai kwanci a shirye take ta far wa duk wani abu mai motsi kusa da sheƙa, kukan ɗan ne yake taka mata burki. Ba burki, ba ɗa.

Ka ga yadda wannan ya juya tambayar. Mun saba tambayar me ya sa take faɗa. A wannan mahanga faɗan shi ne asali a kwanakin nan, abin tambaya shi ne wa ta ɗauke wa. Ta ɗauke wa waɗanda ta ji muryarsu tun suna cikin ƙwai, don ɗan tsako yakan fara kuka kafin ya fasa ɓawo kuma uwar takan amsa masa. Ta ɗauke wa waɗanda suka kwana a ƙarƙashinta a kwanakin farko har ta saba da su. Sauran duniya kuwa, kowa ya yi ta kansa.

Ƙasan wannan duka akwai sinadari. Tun 1935 Oscar Riddle da abokansa suka nuna cewa furolaktin, sinadarin da wata ƴar halitta a ƙasan ƙwaƙwalwa ke fitarwa, yana iya sa kaza ta shiga kwanci. Shi ne dai sinadarin da ke sa nono ya kawo a jikin mace mai shayarwa. A jikin kaza yana tsayar da ƙwai, gashin ƙirjinta ya zube don fata ta taɓa ƙwai kai tsaye, ta zauna ta ƙi tashi. Zafin ran yana zuwa ne a cikin wannan ƙunshin, tare da sauran.

Sai dai kar in yi abin da nake zargin wasu da shi. Talo-talo ba kaza ba ce, kuma kunne kaɗai bai bayyana komai ba. Duk mai kiwo ya san kazar da ta ƙyanƙyashe farare shida da baƙi ɗaya, ta tsani baƙin, alhali kukansu iri ɗaya ne. Ido yana da nasa rabon. Sannan tawagar Biristol ta nuna a 2013 cewa uwa tana nuna damuwa idan aka kai ƴaƴanta wurin da ita ta koya cewa akwai haɗari, ko da ƴaƴan ba su sani ba. Wannan ya wuce a ce na'ura ce mai jiran ƙara. Konrad Lorenz, wanda ya ba da labarin talo-talon a littafinsa kan faɗa a 1963, shi ma ya ja zaren har zuwa kan ɗan Adam, ya ja shi fiye da ƙarfinsa. Da alama kaji suna da wannan baiwar, ta sa masana su manta da kaji suke magana.

Abin da tsakar gida ta riga ta sani

Hausawa sun ce kaza mai ƴaƴa ita ke tsoron shirwa. Ni a ganina wannan karin maganar ta fi amsoshin intanet ɗin nan biyu kusa da gaskiya, don ta sa maharin a cikin lissafi. Gwajin ɗaki ba shi da shirwa. Gidanmu yana da ita, ga shaho, ga hankaka, ga muzuru, ga gafiya da dare. A 1993 Evans da Marler suka nuna cewa kaji suna da kukan gargaɗi daban na abin da ke tahowa ta sama da na abin da ke tahowa ta ƙasa, kuma masu ji suna amsa kowane yadda ya dace. Ka tsaya ka kalli uwa idan inuwa ta gifta: sauti ɗaya za ta yi, ƴan tsakin su ɓace a cikin ciyawa ko ƙarƙashinta, ita kuma ta tashi sama da ƙafafu. Kazar da ke tsayawa ta tantance ko wannan mai tahowa mugu ne ko mai kawo tsaba, kakanninta ba su bar zuriya mai yawa ba. Saranka da ta yi a banza bai ci mata komai ba. Jinkirin daƙiƙa ɗaya a gaban shirwa ɗa guda ne.

Kuma matan karkara sun daɗe suna amfani da ƙa'idar burkin nan ba tare da sun ji sunan Schleidt ba. Zabuwa ba ta da kirki wajen reno a gida, sai a ɗebi ƙwanta a sa wa kaza. Ƙwan zabi yakan kai kwana 26 zuwa 28, kazar ta ƙara mako guda a kan nata ta zauna, ta ƙyanƙyashe ƴaƴan da ba su yi kama da ita ba, ta kuma yi faɗa a kansu kamar ta mutu. Me ya sa ta karɓi ɗan zabuwa ta kashe ɗan kaza ƴar uwarta? Don ɗan zabuwar a ƙarƙashinta ya fito. Haka mai son ya ƙara wa uwa marayun tsaki, da dare yake tura su ƙarƙashin fiffikenta, a kwanakin farko, kafin ta gama sanin nata. Bayan mako guda ka gwada da rana tsaka ka ga aiki.

Daga nan maganin rigimar akurkinmu ya fito da kansa, kuma ba ya buƙatar kuɗi. Uwa biyu ba sa kwana a wuri ɗaya mai ƙunci. Kowace da kwandonta ko lungunta, da ruwanta da abincinta, don yawancin saran a bakin abinci yake faruwa, inda ƴan tsaki ke cakuɗuwa. A hana yara ɗaukar ɗan tsako a gabanta, domin kukan da zai yi shi ne daidai maɓallin da Brückner ya danna. Mahaifiyata ta san duk wannan, ruwan sama ne ya sa ta karya dokarta, wayar ƙanena kuma ta sa aka ƙara kwana.

Akwai amsa ta uku da ban ambata ba, wadda ba a faɗa da baki amma ita ta fi tasiri: a kawar da halin gaba ɗaya. Kajin gidan gona masu ƙwai, irin su farar Leghorn, an yi ta zaɓen su tsara bayan tsara har kwanci ya kusa ɓacewa daga jininsu. Dalilin a fili yake. Kazar gida da ke kwanci da reno takan yi ƙwai 30 zuwa 60 ne a shekara, ta gona kuwa tana kusantar 300. Ga mai gonar da ke da injin ƙyanƙyasa da wuta, kwanci asara ce. Amma ɗan tsako a makonsa na farko yana buƙatar ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ba ya iya riƙe zafin jikinsa da kansa. A ƙauyen da babu lantarki, wa zai ba shi? Wannan masifaffiyar dai. Ita ce injin, ita ce fitilar ɗumi, ita ce mai gadi, kuma gara da ƙwari take ci. Duk wanda zai raba wa matan karkara kajin da ba sa kwanci, ya kamata ya faɗa musu tun farko cewa daga yau ɗan tsako sayensa za su riƙa yi. Kuma duk wanda ya yanka kaza don ta cika faɗa lokacin reno, akwai yiwuwar mafi amfanin garkensa ya sa a tukunya.

Jar kazar da ta yi kisan nan ta raini bakwai daga cikin tara, wanda a gidanmu ba ƙaramin abu ba ne. Da suka kai wajen mako shida zankonta ya dawo ja. Wata safiya ɗaya daga cikinsu ya matso kusa da ita a bakin dusa, kamar yadda ya saba, ta sare shi a ka. Da yamma ta haye katanga ta kwana tare da manya, ta bar su a ƙasa suna kuka. Bayan ƴan kwanaki ta fara sabon ƙwai a bayan rumbu, sagarar da ta saba korarta kuma ta ci gaba da korarta.